Tambaya da Amsa: Mantuwa da Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Lokacin Tsufa

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan wata daga Zariya da kewaye sun karkata ne ga mantuwa da ruɗewar da kan zo wa mutum idan shekaru suka ja, saboda haka muka ware musu shafin gaba ɗaya. Kamar yadda aka saba, mun sakaya sunayen masu tambaya, mun kuma taƙaita wasiƙun da suka yi tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyarmu ta haura shekara 70, kuma kusan shekara biyu ke nan muna ganin sauyi a tare da ita. Takan yi tambaya a ba ta amsa, kafin a jima ta sake maimaita ta. Takan ci abinci ta ƙoshi, sannan ta shaida wa baƙi cewa surukarta ta hana ta abinci tun safe. Kwanaki ta fita barka a maƙwabta, sai wani yaro ne ya dawo da ita daga wajen kasuwa. Yayanmu ya ce gigin tsufa ne, a ƙyale ta, gwaggonmu kuwa ta dage a kan cewa sammu ne. Me ya kamata mu yi? (Wata mai karatu, Tudun Wada)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi da ita. Abin da kika bayyana ya wuce mantuwar da shekaru kan kawo wa kowa. Tsoho mai lafiya yana iya rasa sunan jikansa a bakinsa, can da la'asar sunan ya faɗo masa, yana kuma iya manta inda ya ajiye carbi, amma idan ya bi sawun inda ya zauna sai ya gano shi. Wanda ya manta cewa ya ci abinci kwata-kwata, ko ya ɓata a unguwar da ya yi shekara arba'in yana zaune, ko ya kasa haɗa miyar da ya saba yi tun ƙuruciya, to nasa ciwo ne a ƙwaƙwalwa, kuma likita ya kamata ya duba shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da wannan ruɗewa a duniya, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 daga cikinsu cutar Alzheimer ce ke damunsu, wadda ta samo sunanta daga likitan Jamus da ya fara bayyana ta a 1906. A wannan cuta wasu sinadarai ne ke taruwa a ƙwaƙwalwa suna kashe ƙwayoyinta a hankali, kuma ɓarnar takan fara ne daga sashen da ke ajiye sabon abu. Shi ya sa za ki ga Hajiya tana ba da labarin bikinta da na zamanin Sardauna dalla-dalla, amma kunun da ta sha da safe ya ɓace mata. Nau'i na biyu mafi yawa shi ne wanda lalacewar ƙananan jijiyoyin jini ke haddasawa, musamman ga masu hawan jini da ciwon suga. A nan Zariya ma an taɓa yin bincike a tsakanin tsofaffin da ke zaune a gidajensu, wanda aka wallafa a 2011, aka samu kusan mutum 3 cikin 100 suna da ciwon. Wannan adadi shi kaɗai ya isa ya nuna wa yayanku cewa ruɗewa ba rabon kowane tsoho ba ne, tunda mafi yawansu da hankalinsu suke komawa ga Mahaliccinsu.

Babban dalilin da ya sa nake matsa wa iyalai su kai irin Hajiya asibiti shi ne akwai abubuwan da kan yi kama da wannan ciwo alhali suna da magani. Ƙarancin bitamin B12 yana kawo mantuwa da mutuwar ƙafa, kuma ana yawan samunsa ga waɗanda suka daɗe suna shan metformin na ciwon suga. Raunin aikin ƙullun wuya da ake kira thyroid, wanda kumburinsa ke zama maƙoƙo, yana dakushe tunani. Baƙin ciki mai tsanani, irin wanda kan kama mace bayan rasuwar miji ko ɗa, yakan sa ta yi shiru ta daina kula da komai har a zaci ta ruɗe. Idan tsoho ya faɗi ya bugi kai, jini yana iya taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kansa, alamun su bayyana bayan makonni, lokacin da kowa ya manta da faɗuwar. Sai kuma magungunan kemis, waɗanda a ganina su ne aka fi raina illarsu: Piriton da ake sha don mura ko don a samu barci, da Valium, da amitriptyline, duk suna iya ruɗa tsoho. Saboda haka ranar da za ku tafi, ki zuba duk abin da take sha a leda, har da na gargajiya, ki tafi da shi, kuma wanda yake kwana da tashi da ita ya shiga wurin likita, domin mai wannan ciwo yakan gaisa da kyau ya amsa da fara'a har a zaci lafiyarsa ƙalau. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da kuma na lafiyar tunani, haka nan asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Game da maganar gwaggo, addu'a da karatun Alƙur'ani ba su hana zuwa asibiti, zuwa asibiti ma bai hana su. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne a tsare tsohuwa a ɗaki ana turara ta da hayaƙi, ko a ɗaure ta, ko a fara nuna wani da yatsa a cikin gida. Zargin da Hajiya take yi wa surukarta alama ce ta ciwon: ta manta ta ci abinci, ta ji cikinta ko zuciyarta ba daɗi, sai ƙwaƙwalwar ta cike gurbin da bayanin da ya fi kusa. Aure da yawa ya mutu a kan irin wannan magana, don haka ya kamata a tara 'yan uwa a bayyana musu, a kuma ba surukar haƙuri a gaban kowa.

Idan bincike ya tabbatar da Alzheimer ce, gaskiyar magana ita ce har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da ita ba. Akwai irin su donepezil da kan ɗan sassauta alamun na wani lokaci ga wasu marasa lafiya. Sauran aikin na gida ne. Kada a yi musu da ita ko a riƙa gwada ta da "wane ne wannan?" a gaban mutane, idan ta ce ba ta ci ba, a ba ta ɗan abu kaɗan a sauya zance. A bar ta a ɗakin da ta saba, lokutan abinci da wanka da barci su kasance iri ɗaya kullum, a rufe rijiya, a nisanta ta da murhu da tukunyar gas, a ɗinka lambar wayar ɗayanku a cikin hijabinta, a kuma sanar da maƙwabta da masu shagunan layin halin da ake ciki. A bar mata ƙananan ayyukan da hannunta ya sani, kamar tsince wake ko ɓarar gyaɗa. Sannan ku raba ɗawainiyar tsakaninku da yayanku, domin mutum ɗaya ba ya iya ɗaukar jinyar da kan kai shekaru ba tare da ya durƙushe ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, shekarata 58, saura kaɗan in yi ritaya. Mahaifina ya ruɗe a ƙarshen rayuwarsa har ya daina gane mu, kuma abin yana tsorata ni. Ina da hawan jini, amma nakan sha magani ne idan na ji kaina yana sarawa. Shin abin gado ne, kuma akwai abin da zan iya yi tun yanzu? (Wani ma'aikaci, Samaru)

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan Baba. Nau'in da ake gada kai tsaye daga uba zuwa ɗa ƙalilan ne ƙwarai, kuma yakan bayyana da wuri, galibi kafin shekara 60, a kuma gan shi jere a cikin dangi. Samun mahaifi da ya ruɗe bayan ya tsufa yana ɗan ƙara haɗari, amma bai yanke maka hukunci ba. Abin da ya fi ɗaga mini hankali a wasiƙarka shi ne yadda kake shan maganin hawan jini.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar da jini ke ɗauka, kuma ba ta da rumbun ajiya, kullum sai an kai mata. Jijiyoyin da ke kai mata jinin suna rarrabuwa ne kamar hanyoyin ruwa a lambun rani, inda kowace ƙaramar hanya take shayar da fangalinta, idan ta toshe fangalin ya bushe ko da sauran lambun yana kore. Hawan jini yana kaurara bangon waɗannan jijiyoyi yana toshe su ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru, ba tare da mutum ya ji ciwon kai ko jiri ba. Wani lokaci babbar jijiya ce ke toshewa ko fashewa, a samu shanyewar ɓarin jiki, wani lokaci kuma ƙanana ne, sai dai a ga tunanin mutum yana nauyi, tafiyarsa tana sauyawa. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, wanda asibitin Shika yana cikin waɗanda suka shiga, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba da nisa a cikin abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki a tsakaninmu, ya kuma samu cewa masu cin ganye kullum sun fi tsira. A Amurka kuma, wani gwaji da aka yi da mutum fiye da 9,000 ya nuna a 2019 cewa waɗanda aka saukar da lambar sama ta awon jininsu zuwa ƙasa da 120 sun samu raguwar kusan kashi 19 cikin 100 na raunin tunani idan aka kwatanta da waɗanda aka tsaya a ƙasa da 140. Wannan ba izini ba ne ka ƙara wa kanka ƙwaya, likitanka ne zai tsayar maka da adadin da ya dace da kai, amma ya kamata ka sha maganin kowace rana, ka kuma riƙa awo ko da kana jin garau.

Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a rahotonsa na 2024 waɗanda idan aka kawar da su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na masu kamuwa da ruɗewa. Rabinsu kusan duk maganar jijiyoyin jini ce: hawan jini, ciwon suga, yawan kitse a jini, ƙiba, taba, giya da rashin motsa jiki. Sauran sun haɗa da ƙarancin ilimi tun yarinta, raunin ji, raunin gani, baƙin ciki, kaɗaici, buguwar kai da gurɓatacciyar iska. Biyun ƙarshe sun shafe mu fiye da yadda muke zato, idan aka dubi yawan masu hawa babur ba hular kwano a titin Samaru zuwa Sabon Gari, da matan da suka shafe rayuwarsu suna shaƙar hayaƙin itace a madafa marar taga.

Akwai wani bincike da ya kamata kowane ɗan Najeriya ya sani. Tun daga 1992 masana suka riƙa bibiyar tsofaffin Yarabawa a Ibadan tare da baƙaƙen fatar birnin Indianapolis na Amurka, da ma'auni iri ɗaya, kuma sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna cewa sabbin masu kamuwa a Ibadan a kowace shekara ba su kai rabin na can ba. Daga cikin abubuwan da suka lura da su akwai ƙarancin hawan jini da suga da kitsen jini a tsakanin tsofaffin Ibadan na wancan lokaci. Ra'ayina shi ne wannan fifiko muna zubar da shi da hannunmu, tunda mun bar tuwon dawa da gero da wake da tafiya a ƙasa, mun koma lemon kwalba da farin burodi da zaman mota.

Abin da zan ce ka yi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da baligi zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dole a lissafa da dunƙulen miya da yajin tsire, domin su ma akwai gishiri a cikinsu. A roƙi uwargida ta rage dunƙule ta ƙara daddawa, zogale da rama da alayyahu da kuka su yawaita a kwanonka, a auna sugarka da kitsen jininka aƙalla sau ɗaya a shekara. Ka yi tafiya mai ɗan sauri ta minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, kuma bayan sallar asuba ya fi sauƙi kafin rana ta yi zafi. A Finland an gwada haɗa gyaran abinci da motsa jiki da horar da tunani da lura da hawan jini a kan mutum 1,260 masu shekara 60 zuwa 77 har tsawon shekara biyu, sakamakon 2015 ya nuna tunaninsu ya fi na waɗanda aka ba shawara kawai. Ka kuma tanadi abin da za ka riƙa yi bayan ritaya tun kafin ranar ta zo, gona ce ko koyarwa ko makarantar dare, domin na sha ganin ma'aikacin da ya ajiye aiki da ƙarfinsa ya zauna a ƙofar gida, shekara uku ta mai da shi wani mutum dabam.

Tambaya: Likita, ana tallar wasu ƙwayoyi da garin magani a rediyo da Facebook wai suna wanke ƙwaƙwalwa su ƙara kaifin basira. In saya wa Baba? (Wani ɗalibi, Kongo)

Amsa: Ka riƙe kuɗinka, ɗana. Ganyen ginkgo, wanda yana cikin waɗanda suka fi shahara a irin waɗannan haɗe-haɗe, an gwada shi a Amurka a kan tsofaffi fiye da 3,000 na kimanin shekara shida, sakamakon 2008 ya nuna bai hana ruɗewa ba, ga shi kuma yana iya ƙara zubar jini ga mai shan asfirin. A jagorar da ta fitar a 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a sha ƙwayoyin bitamin B ko E ko na man kifi da nufin rigakafin wannan ciwo. Wanda gwaji ya nuna yana da ƙarancin bitamin shi ne ake ba shi. Zuma da dabino abinci ne masu kyau, sai dai mai ciwon suga ya yi hattara da su. Kuɗin da za ka kashe a kwalba ɗaya ya fi amfani idan ka tara ka saya wa Baba na'urar awon jini ta gida.

Tambaya: Mahaifinmu ya daina zama a majalisar da ya shekara talatin yana zama. Ya ce mutane sun koma yin magana ƙasa-ƙasa, rediyonsa kuma sai ya ƙure murya. Yanzu yini yake a zaure shi kaɗai. Wannan yana da alaƙa da ƙwaƙwalwa? (Wani mai karatu, Ƙofar Doka)

Amsa: Yana da alaƙa sosai, Alhaji, kuma ka yi kyakkyawan lura. Alamun da ka faɗa na raunin ji ne, kuma dattijo mai mutunci ya gwammace ya janye jikinsa da ya riƙa cewa "na'am?" sau uku a gaban sa'o'insa. Idan kunne ya yi rauni, ƙwaƙwalwa tana ɓata ƙarfinta wajen cike kalmomin da suka kuɓuce, sai abin da za ta riƙe ya ragu, sannan kaɗaicin da ke biyo baya ya ƙara nasa. A wani gwaji da aka wallafa a 2023, an ba rabin wasu tsofaffi masu shekara 70 zuwa 84 na'urar ƙara ji, sauran ba a ba su ba, aka bi su duka shekara uku. A jimlar mahalarta ba a ga bambanci ba, amma a rukunin da suka fi fuskantar haɗari, irin masu hawan jini da suga, dakushewar tunani ta ragu da kusan rabi.

A fara da abu mai sauƙi, domin sau da yawa dauɗar kunne ce ta taru ta toshe, kuma ma'aikacin lafiya zai fitar da ita cikin ɗan lokaci; kada a sa tsinken ashana ko gashin kaza. Idan ba ita ba ce, a auna jinsa a Shika ko a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. A duba idonsa a tafiya ɗaya, domin yanar ido tana raba tsoho da karatu da fita masallaci, aikin cire ta kuwa gajere ne a asibiti, saɓanin kwantar da ita da masu yawo da allura ke yi, wanda ya makantar da mutane da dama. Kafin a samu na'ura, ku riƙa fuskantarsa idan za ku yi magana, a kashe rediyo, a yi magana a sarari ba tare da ihu ba, ku kuma roƙi abokansa biyu ko uku su riƙa zuwa zauren, tunda hirar mutum uku ta fi sauƙin bi a kan hayaniyar mutum goma.

Tambaya: Muna jin ana cewa mahaddacin Alƙur'ani ba ya ruɗewa. Me likitanci ya ce? (Wata malamar Islamiyya, Gyallesu)

Amsa: Malama, fassarar abin da aka ruwaito daga magabata a kan wannan aikin malamai ne, ni zan tsaya a ɓangaren da ya shafi sana'ata. Likitanci ya tabbatar cewa ƙwaƙwalwar da aka daɗe ana aiki da ita tana jure ɓarna fiye da wadda aka bari. A wani bincike da aka fara a Amurka a 1986 a kan mata 678 masu hidimar coci, waɗanda suka yarda a duba ƙwaƙwalwarsu bayan mutuwa, an samu wasu da alamun Alzheimer suka cika ƙwaƙwalwarsu alhali sun rayu da hankalinsu har ƙarshe. Hadda da tilawa da muraja'a da koyar da ɗalibai aiki ne babba ga ƙwaƙwalwa, balle idan aka haɗa da tafiya masallaci sau biyar da cuɗanya da jama'a. Wanda ya sauke tuni zai ƙara amfana idan ya ɗauki sabon abu, kamar tafsiri ko nahawu ko wata ruwayar ƙira'a, domin koyon abin da ba a sani ba ya fi motsa tunani a kan maimaita wanda ya zauna.

Sai dai akwai abu biyu da ya kamata a kiyaye. Abin da aka haddace tun yarinta shi ne na ƙarshen gogewa, saboda haka za a iya samun dattijo yana karanta izu guda ba gyara alhali ya manta sunan matarsa, kuma ingancin karatunsa bai kamata ya hana a kai shi asibiti ba. Na biyu, idan ciwon ya kama malami ko mahaddaci, kada wani ya ce da ya yi don Allah da bai ruɗe ba, domin hawan jini da suga suna lalata jijiyar kowa, kuma irin wannan magana takan sa iyali su ɓoye mara lafiya a ƙuryar ɗaki don kunya.

Tambaya: Kakanmu lafiyarsa ƙalau, yana da ciwon suga amma yana shan magani. A azumin da ya wuce, wata rana da yamma ya fara sambatu, bai gane kowa ba, gumi yana keto masa, bayan an sha ruwa ya dawo daidai. Farkon gigin tsufa ne? (Wata mai karatu, Wusasa)

Amsa: A'a, 'yata, ruɗewar tsufa a hankali take shigowa cikin watanni da shekaru. Wadda ta zo cikin awoyi ko kwana ɗaya alama ce ta wani ciwo a jiki, kuma ta gaggawa ce. Yadda kika kwatanta, da gumin da dawowarsa bayan buɗa-baki, ya fi kama da faɗuwar suga, wadda magunguna irin su glibenclamide da allurar insulin kan jawo wa tsofaffi masu azumi, kuma tana iya kaiwa ga suma ko lahani na dindindin a ƙwaƙwalwa. Idan ta sake faruwa kuma yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari ko zuma nan take ba tare da jiran magariba ba, a auna sugar idan akwai na'ura, a wuce asibiti. Idan ya suma kada a ɗura masa komai a baki. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon fitsari, ciwon huhu da ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafin bazara su ma suna ruɗa tsoho farat ɗaya, wani lokaci ba tare da jikinsa ya yi zafi ba. Idan kuma ruɗewar ta zo da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu ɗaya, to a ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce a garzaya asibiti a cikin awannin farko. Kafin azumi mai zuwa, a kai Kaka wurin likitansa tun cikin Sha'aban domin a duba ko zai iya azumin, a kuma sauya masa maganin ko lokacin shansa.